Hoton da Aka Kawo wa Maliki Gyara

A Yelwa, idan mutum ya bi hanyar da ke gangarawa bakin ruwa, kafin ya kai wurin masu bandar kifi, zai ga wata rumfar kwano da alluna jingine a jikinta, wasu sun bushe, wasu suna jiran rana. Rumfar Maliki mai fenti ke nan. Shi yake rubuta sunaye a jikin jiragen da ke ƙetare tafki, shi yake zana wa masu aski allunansu, kuma rabin shagunan garin da hannunsa aka rubuta abin da suke sayarwa. Mutum ne mai tsari. Buroshinsa a jere suke daga babba zuwa ƙarami, kowane gwangwanin fenti da murfinsa. Abu ɗaya yake tinƙaho da shi, kuma ba ya ɓoyewa: shekara ashirin da shida yana wannan sana'a, bai taɓa mayar wa wani da aikinsa ya ce ya gagare shi ba. An taɓa kawo masa ƙofar mota aka ce ya zana zaki, alhali bai taɓa ganin zaki ba. Ya zana, kuma har yau direban bai yi ƙorafi ba, ko da yake akwai mai cewa dabbar ta fi kama da tunkiyar da aka ɓata wa rai.

Mai faɗin hakan shi ne Dudu, sa'ansa, wanda ke da jirgin inji yana jigilar mutanen tsibirai. Idan jirgi bai cika ba, a bencin Maliki yake zama, kuma abin da yake jira a wurin ɗaya ne, ranar da wani aiki zai kayar da abokinsa. Ya ce ko a tsakiyar tafki labarin ya same shi, sai ya juyo da jirgi ya zo ya gani da idonsa.

Wata ranar kasuwa, a ƙarshen damina, wata dattijuwa ta tsaya a bakin rumfar da wani abu mai faɗi a kanta, naɗe cikin zani. Inna Jummai ce daga Wara, mai sayar da kifi banda, matar Malam Enoch tsohon hedimasta. Maliki ya san ta, don shi ya rubuta allon cocinsu shekarun baya. Bayan an gaisa, an tambayi ruwa da gona da mutanen gida, ta sauke kayan ta kwance zanin.

Hoto ne cikin firam, da gilashi a fuskarsa. Wani titi ne mai faɗi a wani birnin Turawa na zamanin da, benaye a jere dama da hagu, kekunan doki a tsakiya, mutane da yawa suna kai da kawo, wasu da laima. Maliki ya sunkuya a kansa da idon mai sana'a, nan take ya ga aibu iri-iri. Sararin sama rawaya ne da kore. Itatuwan gefen titi shuɗaye ne. An ɗiɗɗiga fentin guntu-guntu, kamar an watsa shinkafa a tabarma, babu wanda ya bi ya shafe shi ya yi sumul. Mutanen kuwa, wannan ɗigon baƙi ne, wancan ɗigon ja, babu mai ido, babu mai hanci, babu mai baki.

Inna Jummai ta yi bayani a tsanake. 'Yarsu Christiana ce ta sayo wa mahaifinta hoton a birni, ta ce kwafin zanen wani Bature ne da ya rasu fiye da shekara ɗari. Tun daga ranar Malam ya rataye shi a falo, ya jawo kujerarsa gabansa, kullum da yamma yana kallo yana yabawa. Ita ba ta taɓa cewa komai ba, domin ta san yanar ido ta rufe masa gani, abin da yake gani hazo ne kawai. To yanzu Christiana ta kai shi asibiti an yi masa aiki, an ce idon ya buɗe tas, har yana karanta lambar motoci ta taga. Ranar kasuwa mai zuwa da yamma zai iso gida.

"Ka ga, ɗana," in ji ta, "shekara huɗu yana nuna wa baƙi hoton wanga. In ya buɗe ido ya ga ba a gama shi ba, ya ga an cuci yarinyar an sayar mata da rabin aiki, kunya za ta kashe shi. Ka yi musu fuska, su zama mutane kamar kowa."

Dudu ya taso daga benci ya leƙa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya girgiza kai ya ce shi ya gane abin da ya faru. Wannan ba titi ba ne, gari ne ruwa ke ci. Ya nuna yadda ƙasan ke ƙyalli, yadda inuwar benaye ta kwanta a cikinsa a karkace. Ya ce haka mahaifinsa ya ba shi labarin lokacin da aka tare kogi, ruwa ya hau tsofaffin ƙauyuka, kowa ya ɗauki abin da zai iya. Kekunan dokin nan kwashe kaya suke yi. Shi kuwa mai zanen, bawan Allah, ruwa ya kai masa gwiwa, ina zai tsaya yi wa mutane hanci? Inna Jummai ta ce ita ba ta san wannan ba, amma ko ruwa ne ko tudu, mutum da fuskarsa aka san shi.

Maliki ya ƙirga kawunan, ya sami arba'in da ɗaya. Ya ce ta dawo kasuwa mai zuwa da hantsi. Ya faɗi haka da muryar wanda aka ba aikin da bai kai ya kawo ba, yana kallon Dudu ta wutsiyar ido.

Washegari ya zare ƙusoshin bayan firam ɗin. Ya ga hoton a takarda aka buga shi, kuma takarda ba allo ba ce, in fenti ya hau ta ya hau ke nan. Don haka ya yanke shawarar ya fara gwadawa a kan gilashin, in ya yi kyau sai ya kwafa a takardar. Ya wanke gilashin da sabulu, ruwan ya fita baƙi da hayaƙin banda na shekara huɗu. Ya mayar da shi a kan hoton, ya ɗauki ƙaramin buroshinsa ya rage masa gashi da reza har ya zama kamar tsinken sakace, ya duƙufa.

A nan ne wata matsala ta ɓullo wadda bai taɓa lura da ita ba. Fuska ɗaya Maliki ya iya zanawa. Ita ce fuskar da yake sa wa allunan masu aski: namiji, ya juya gefen hagu, haɓa a tsaye, gashin goshi an daidaita shi kamar da ma'auni. Shekara da shekaru yana maimaita ta, abin da yake canzawa salon askin ne kawai, kuma babu mai askin da ya taɓa neman wata. Ya yi ƙoƙarin tausasa ta saboda matan da ke cikin hoton, amma hannu ya riga ya saba. Kwana biyu yana aiki, da ya ɗago, ga mutum arba'in da ɗaya, maza da mata, har da mai tuƙa keken doki, duk sun juya hagu a lokaci guda kamar an ƙwala musu kira.

Dudu ya zo da azahar ya duba, ya ce aiki ya yi kyau ƙwarai. Ya ce yanzu ya janye maganar ruwa, ashe layin aski suke bi. Ya tambaya ko waccan mai jar rigar ita ma gyaran gemu ta zo yi. Maliki ya ajiye buroshinsa. Abin da ya dame shi ya wuce tsokanar Dudu. Kafin ya taɓa hoton, ko da yake bai ga kyansa ba, mutanen kamar tafiya suke yi. Yanzu sun tsaya cik. Titi guda ya sandare yana kallon gefe ɗaya.

A rana ta uku aka yi ruwa da rana, aka ɗauke wajen la'asar. Maliki ya cire gilashin ya ajiye gefe, ya jingina hoton tsirara a jikin ginshiƙin rumfa, da niyyar ya fara aiki a takardar in ya dawo. Ya tsallaka titi ya sayi ƙosai. Yana karɓar ƙunshin ya waiwaya don ya ga ko iska ba ta kayar da hoton ba, sai ya tsaya.

Daga can, ɗige-ɗigen nan sun ɓace. Titi ne jiƙaƙƙe, ruwa ya ɗauke yanzun nan, rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare ta zuba haske a bangon benaye. Rawayan da koren da ya raina a sama sun haɗu sun zama irin hasken nan na bayan ruwa, wanda ba ya daɗewa. Kekunan doki suna gangarowa, har kamar zai ji ƙarar kofato. Mai jar rigar nan, wadda ya san shafa biyu ce kawai ta buroshi, ta karkata gaba tana sauri, gefen rigarta na bin ta a baya. Can kusa da wata fitila wani ya tsaya ya rufe laimarsa yana kallon sama, bai yarda ruwan ya ƙare ba.

Maliki ya tako zuwa rumfa, hoton ya wargaje ya koma shinkafa a tabarma. Ya ja da baya, ya sake haɗuwa. Ya yi gaba, ya yi baya, ya yi gaba, ƙosai na hucewa a hannunsa, har wani mai babur ya taka birki ya tambaye shi ko ya yanke shawarar gefen da zai zauna. Mai ƙosai ta ce wa maƙwabciyarta warin fenti ya fara taɓa bawan Allah.

Da ya koma ya zauna, ya sa ido kusa ya bi aikin sannu a hankali, yadda yake bin rubutun wani mai fenti in yana so ya gane hannunsa. Ya ga mutumin ba ya gauraya launi a gwangwani. Yakan ajiye rawaya, ya ajiye shuɗi a gefensa, ya bar idon mai kallo ya haɗa su daga nesa. Inuwa ba baƙa ya yi ta ba, da shuɗi da ruwan makuba ya yi ta. Maliki ya ɗaga kai ya dubi titin Yelwa, ya ɗan runtse ido. Inuwar da ke ƙarƙashin rumfar mai kemis, wadda shekara ashirin da shida ya ɗauka baƙa ce, shuɗi-shuɗi take. Matan da ke haurowa daga bakin ruwa da kwanduna, daga nan ba ya ganin idon kowa, amma ya san wacce ta gaji da wacce ciniki ya yi wa kyau.

Ya jawo wani guntun allo ya gwada. Ya ɗiga rawaya, ya ɗiga shuɗi, ya yi shafa biyu da ja, ya tsallaka titi ya duba. Abin da ya gani kamar kaji sun bi ta kan ɗanyen fenti. Ya sake, ya sake, har gwangwanin rawaya ya yi ƙasa. A nan ya tabbatar wa kansa abin da ba ya son ya tabbatar. Baturen nan ba kasawa ya yi ba, kuma ba ruwa ne ya kore shi ba. Ya gama aikinsa, ya san daidai inda zai ɗaga hannu.

Sauran kwanakin Maliki bai taɓa takardar ba. Dudu ya lura, ya fara zuwa da wuri yana tambayar lafiyar buroshi, ko zazzaɓi ya kama shi. Maliki kuwa yana lissafin mafita a ransa, kuma mafitar a fili take. Ya mayar da gilashin mai fuskoki a kan hoton, ya buga ƙusoshi. Inna Jummai fuska ta nema, ga fuska. Sunansa zai tsira, Dudu ya ci gaba da jira. Abin da ya hana shi sakewa shi ne tunanin tsohon, an buɗe masa ido bayan shekaru, ya shigo falonsa ya nufi bangon da ya fi so, ya tarar da masu jiran aski arba'in da ɗaya sun kau da kai gefe guda. Duk da haka, ranar kasuwa da safe, ya ɗora gilashin a kan hoton. Ƙusoshin ne kawai bai buga ba.

Inna Jummai ta iso da hantsi. Ta sunkuya ta duba, ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ta ce sun yi kama da juna da yawa, amma ai Turawa dama haka suke a idonta, wataƙila kuma 'yan gida ɗaya ne. Ta sa masa albarka, ta ce yanzu ko wane baƙo ya zo ba za a ji kunya ba. Ta shimfiɗa zaninta za ta naɗe. Dudu ya sauke numfashi irin na wanda kifi ya kuɓuce wa a bakin jirgi, ya fara neman takalminsa.

Maliki ya dubi zanin, ya dubi hoton. Sai ya ji bakinsa ya riga shi.

"Inna, dakata. Akwai abin da nike so ki gani tukuna."

Ya ɗaga gilashin da hannu biyu, fuskokin duka suka tashi tare da shi, ya jingina shi a bango. Ya tsayar da hoton a jikin ginshiƙi, ya roƙe ta ta biyo shi. Ta bi shi tana mita, tana cewa ita da ta bar kifinta a hannun maƙwabciya ba ta zo yawon tsallaka titi ba. Dudu ya biyo su da takalmi ɗaya a ƙafa. A gaban mai ƙosai Maliki ya ce ta juya.

Ta juya. Ta sa hannu ta kare rana daga idonta, ta daɗe tana kallo har Maliki ya fara jin tsoro. Sannan ta ce waccan mai jar rigar tukunya ta bari a wuta, dubi yadda take jefa ƙafa. Waɗancan biyun kuma mata da miji ne, kuma faɗa suka yi kafin su fito, don laima ɗaya gare su amma kafaɗarta a waje take. Ta ce haka take gane mutane in jirgi ya doso gaɓa ranar kasuwa, tun ba a ga fuskar kowa ba ta san mai saye da mai tayawa ya wuce. Ta ɗan matsa gefe ta ƙara dubawa, ta ce ashe garin nasu yana da kyau, sai dai sanyi zai yi.

Dudu ya ce shi har yanzu ruwa yake gani, amma ya yarda ruwan ya fara janyewa.

"To mi ka yi mishi?" in ji Inna Jummai. "Da ba haka yake ba."

"Gilashin na wanke, Inna. Shi ke nan abin da na yi da ya yi amfani." Maliki ya dubi Dudu, ya ƙarasa. "Aikin wanga ya fi ƙarfina. Mai shi ya gama abinsa, babu inda zan sa hannu ban ɓata ba. Na mayar miki da shi yadda kika kawo."

Dudu ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Ya roƙi mai ƙosai ta zama shaida, ya roƙi Maliki ya maimaita a hankali, saboda shekara ashirin da shida yana jiran wannan magana kuma babur ya wuce a tsakiyarta. Maliki ya maimaita masa, kalma bayan kalma. Abin mamaki, da ya faɗa karo na biyu sai ya ji ba ta da nauyin da ya zata. Dudu ya ce kafin la'asar tsibirai uku za su ji. Maliki ya ce ya ƙara da na huɗu, amma ya faɗa musu su zo da kansu su gwada yi wa ɗigon fenti tafiya.

Suka koma rumfa. Maliki ya jiƙa tsumma da kananzir ya bi gilashin, masu jiran aski suka narke ɗaya bayan ɗaya. Inna Jummai tana kallo, sai damuwarta ta dawo. Ta ce duk wannan ta ji, amma Malam ba daga tsallaken titi yake kallo ba. Kujerarsa dab da bango take, hancinsa kusan yana taɓa gilashi. In ya zauna a wurin da sabon idonsa, shinkafar nan zai gani.

Maliki ya ce to ai kujerar ce ke son gyara, ba hoton ba. Ya ɗauko igiyar da yake ja layi da ita, ya ba Dudu bakinta ya riƙe a jikin firam, shi kuma ya ja da baya yana kallo, taku bayan taku, har inda mai jar rigar ta fara sauri. Nan ya tsaya ya yanke igiyar. Ya naɗe ta ya ba Inna Jummai, ya ce kafin motar Malam ta iso ta kafa bakin igiyar a ƙusar da hoton ke rataye, ta ja ta miƙe, inda ta ƙare nan za a ajiye kujera.

Ta warware igiyar ta auna da faɗin hannuwanta biyu, gaba ɗaya, gaba biyu, har bakwai, tana motsa baki. Ta ce falonsu bai kai haka ba. In ta ja wannan igiya, za ta fita ta ƙofa, ta ratsa tsakar gida, ta ƙare a turken awaki.

Maliki ya buga ƙusa ta ƙarshe a bayan firam, ya juya hoton ya goge gilashin da gefen rigarsa.

"Daga turken ana hango bangon, in ƙofa na buɗe?"

Ta yi tunani, ta ce ana hangowa sarai.

"To a tashi awakin, Inna."

Ta ce awakin ba za su so ba, amma ba su aka yi wa aikin ido ba. Ta naɗe hoton a zani, ta cusa igiyar a lalitarta, Maliki ya taya ta ɗorawa a ka, ta nufi tashar motar Wara da sauri don ta riga Malam isa gida.